Malam Sirajo, Mai Lasar Bangon Malaka

Duk ranar Asabar, da an sallame sallar asuba a ɗan masallacin da ke bayan layin masu sayar da furanni a unguwar Brickfields ta Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, mu sai mu koma gado, shi kuwa Malam Sirajo Maikano sai ya rataya jaka. Jakar ta koɗe har ba a gane asalin launinta. A ciki akwai tef ɗin awo, da cokalin magina da bakinsa ya cinye, da burushi, da kwalbar fesa ruwa irin ta masu aski, da littafi da fensir. Mai ɗakinsa Hansatu takan cusa masa filas ɗin shayi a gefe tana mitar da ta shekara ashirin tana yi, wai duk mazan duniya Asabar ta iyalinsu ce, ita kuwa nata mijin bangon mutane ya aura. Shi dai murmushi zai yi ya ce, "Sai na dawo, Hajiya." Ya taka zuwa babbar tashar KL Sentral, ya hau jirgin ƙasa zuwa tashar mota, daga nan awa biyu a bas zuwa Malaka, tsohon garin nan na bakin teku.

Shekara ashirin da biyu ke nan yana wannan zirga-zirga. A watan Disamba zai cika sittin, takardar aikinsa za ta ƙare, zai tattara ya koma Kano. Mu Hausawan Kuala Lumpur "Injiniya" muke ce masa, amma in ka tsare mutum goma daga cikinmu ka ce su faɗi aikinsa, tara za su sosa ƙeya. Litinin zuwa Juma'a yana wani ƙaramin ofis a saman shagon sayar da atamfar Indiyawa, yana zana tsofaffin gidaje: kowace taga, kowane ginshiƙi, kowace tsaga da ke jikin bango. Gidaje fiye da sittin na Malaka sun bi ta hannunsa kafin a gyara su. Ka je ka duba allunan tagullar da ake mannawa a ƙofofinsu, za ka ga sunan mai gida, da na babban mai zane, da na wanda ya yanke kirtani ranar buɗewa. Sunan Sirajo ba ya ko ɗaya, kuma bai taɓa tambayar dalili ba.

Mu ma muna zuwa Malaka, kada in yi mana ƙarya. Mukan je mu tsaya gaban jan ginin nan da Turawan Holan suka bari, mu karkace hula a ɗauke mu hoto, mu hau keken haya mai ado da kiɗa kamar na amarya, mu cika ciki da shinkafa da kaza, kafin magariba muna hanyar dawowa. Shi ba wannan garin yake gani ba. Shi yana ganin gidajen da faɗin fuskarsu bai wuce taku shida ba, amma in ka shiga sai ka yi ta tafiya, ɗaki bayan ɗaki, har ka fara zaton ka ɓata. A tsakiyar kowanne an bar fili babu rufi, domin haske da iska da ruwan sama su sauko cikin gida. Yana ganin masallaci mai rufi hawa uku, hasumiyarsa kamar ta ɗakin ibadar 'yan Sin, a layi ɗaya da wurin ibadar Indiyawa. Turawan Fotugal sun ci garin, na Holan sun ƙwace, Ingilishi sun karɓa, kowa ya zo ya yi gininsa ya tafi, mutanen gari kuwa suka riƙe abin da aka bari ba su rushe ba. Wannan ne yake ba shi mamaki har gobe.

Dakta Rahama, wadda yanzu take koyarwa a jami'ar da ke Lembah Pantai, ta ba ni labarin ranar da ta fara bin sa tana ɗaliba. Suka shiga wani gida da ake shirin gyarawa. Ta ce tana jiran ya fito da na'ura, sai ta ga dattijo ya durƙusa, ya kankare bango da farce, ya kai baki. Ya ɗan miƙe, ya sake kankarewa, ya sake lasa. Sai da ya kai daidai ƙirjinsa sannan ya ja layi da fensir.

"Baba, lafiya? Ba ka yi makan ba ne da safe?" in ji ta, tana nufin ko bai karya kumallo ba.

Ya ce, "Zo ki lasa nan."

"Wallahi ba zan iya ba lah," in ji ta, da ɗan "lah" ɗin nan da mutanen Malesiya ke ƙarawa a ƙarshen magana.

"To tsaya ki ji. Ƙasan garin nan teku ne. Bangon nan yana shan ruwan gishiri ta ƙafa, yana fitar da shi ta jiki, kamar yadda kike gumi. Inda na ja layi, nan gishirin ya tsaya. Mutanen da sun shafe shi da farar ƙasa, ita tana barin gumin ya fita. In aka shafa masa siminti, an toshe shi ke nan. Ruwa ya rasa hanya, gishiri ya zauna a ciki yana cin bulo. Bayan shekara goma ki taɓa, ya zubo miki kamar garin kwaki."

Ta ce da aka kawo na'urar ofis bayan kwana biyu, bambancin layinta da nasa bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Ba a jami'a ya koyi wannan ba. Ya gama digirinsa na biyu da takarda mai kyau, amma ya ce takardar ba ta san warin farar ƙasa ba. Sai ya je ya samu wani dattijon magini ɗan ƙabilar Malay, Pak Dollah, ya ce a koya masa. Dattijon ya dubi hannunsa mai laushi, ya nuna masa bokiti ya ce, "Boleh?" wato za ka iya? Sirajo ya ce, "Boleh." Shekara uku yana ɗaukar bokiti duk Asabar. Ya koyi yadda ake toya katantanwar teku ta zama farar ƙasa, a jiƙa ta a durom wata da watanni har ta yi laushi kamar kindirmo, a gauraya da yashin kogi, a shafa siriri, a jira, a sake shafawa, a riƙa yayyafa wa bangon ruwa don kada ya bushe da gaggawa ya tsage. Wata rana wasu 'yan kasuwarmu da suka je yawon ido suka gan shi buɗu-buɗu da bokiti a ka. Kafin ya iso gida labari ya riga shi, wai Malam Sirajo ya karye ya koma leburanci. Mata har zuwa suka yi wurin Hansatu jaje, da 'yan kwanukansu.

Abin da masu jajen ba su sani ba shi ne dalilin. A Unguwar Gini, cikin birnin Kano, akwai wani zaure da kakansa Bello Magini ya gina da tubali shekara casa'in da suka wuce. Bakan gizo huɗu ne suka tashi daga bango suka haɗu a sama, a mahaɗarsu aka dasa shuɗin tangaran. Rufin azara ne jere kamar haƙoran mataji. A gefen alkukin ajiye fitila, kakan ya danna tafin hannunsa a ɗanyen yaɓe, ya bar shi nan. Sirajo yana yaro yakan ɗora nasa hannun a ciki ya ga saura nawa ya cika shi. Yana girma ya ga zaurukan maƙwabta suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Za a shafa musu siminti don a ce an waye, damina uku simintin ya ɓamɓaro ya taho da rabin bango, sai a ce ai ginin ƙasa ba shi da ƙarko, a kawo bulo.

Ranar da ya fara zuwa Malaka a shekarar 2003, ya ɗaga kai ya ga fasassun tangaran an yi ado da su a goshin wani gida, sai ya nemi dakali ya zauna. Ginin nan ya girmi na kakansa nesa ba kusa ba, ga shi cikin ruwan gishiri, ga shi a tsaye. Ya ce a ransa mutanen nan sun san wani abu da muka manta, ba zai koma ba sai ya sani. Da ya sani ɗin, sai ya ga ciwon ɗaya ne, maganin ma kusan ɗaya: abin da farar ƙasa take yi wa bangon Malaka, shi makuba da laso suke yi wa namu. Ya zana zauren kakansa a takarda arba'in da ɗaya, ya auna kowace azara. Burinsa guda ɗaya ne tak a duniya, ya koma ya gyara zauren da hannunsa, ya buɗe ƙofa mutanen unguwa su gani da ido cewa ginin ƙasa ba ya mutuwa sai an kashe shi.

Wadda ta tsare masa zauren duk waɗannan shekaru mahaifiyarsa ce, Hajiya Daso. Duk wanda ya kawo zancen bulo, amsarta ɗaya ce: "Ba mai taɓa shi sai Sirajo ya dawo." Bara da azumi Allah ya yi mata rasuwa. Bayan sadakar arba'in ya kira ƙaninsa Kabir, wanda yake zaune a gidan, ya ce, "Ka yi mini haƙuri, saura kaɗan. A yi yaɓe kawai kafin damina. Kada siminti ya ko kusance shi." Kabir ya ce, "An gama, Yaya."

Malam Sirajo, kai ne ka tsaya a gaban wani ɗan kwangila a gidan wata tsohuwa 'yar Sin a Malaka, buhunan siminti na jibge a ƙofa, ka ce masa ba za a shafa ba. Ba gidanka ba ne, ba ka haɗa komai da matar ba, addininku ma daban. Da aka ƙi jin ka aka shafa, kai ne ka dawo da guduma da kurfi, Asabar goma sha ɗaya kana ɓamɓare shi kaɗan-kaɗan don kada ka ji wa bulon ciwo, ba wanda ya sa ka. Maƙwabtanta sun shaida, har yau in ka wuce ta layin sai sun miƙo maka kofi. Kai ne ka kwashi ɗalibanmu bas-bas ka kai su, kana magana suna danna waya, ba ka taɓa ɗaga murya ba. Mai haƙuri da bango, mai haƙuri da mutane. Na so a ce a nan zan tsaya in yi maka addu'a in rufe. Amma akwai abin da muka yi maka, kuma in na ɓoye shi, wannan rubutu ya zama ƙarya.

Wata guda da ya wuce muka shirya masa walimar bankwana, ranar Lahadi bayan la'asar, a saman wani shagon abinci na mamak, wato Indiyawa Musulmi, a unguwar Sri Petaling. Mutum fiye da tamanin suka zo, 'yan kasuwa da malamai da ɗalibai. Kwana uku kafin nan Kabir ya turo wa kwamiti bidiyo daga Kano, ya roƙi kada a nuna wa Yaya sai a gaban jama'a. Ni aka ba wa na'urar haska hoto. Na kalli bidiyon tun a gida, ni da na bi shi Malaka sau biyu, na ji duk bayanin gumi da gishiri da kunnena. Na kalla na ce, kai, wannan ƙani ya cika ɗan halak.

Aka ci aka sha, aka yi jawabai, sannan na danna. Ga Kabir cikin sabuwar shadda yana dariya.

"Assalamu alaikum, Yaya. Ga mu a ƙofar gida. Mun gaji da gorin da ake mana, wai yayanku babban injiniya a Malesiya amma gidanku na ƙasa. Muka ce ba zai yiwu ka dawo ka shiga ta tsohon zaure mutane na kallo ba. Ni da sauran ƙannenka muka haɗa kai. Ka gani? Tayil ne har sama. Ga get, ga shago biyu a gefe. Barka da dawowa tun kafin ka iso!"

Aka juya kyamara. Tayil ruwan toka yana ƙyalli a rana, da baƙin get mai ado ruwan gwal. Muka ɗau tafi. Wasu suka yi kabbara, wani ɗalibi daga baya ya ƙwala, "Oga, level don change!" Ni ma na tafa, da hannuna biyu. Mun kusa minti guda muna tafawa kafin muka ji muryar Hansatu daga sashen mata, ta miƙe tsaye mayafinta ya zame.

"Ku kashe. Don girman Allah ku kashe abin nan!"

Malam Sirajo bai motsa ba, kofin shayi na hannunsa. Can ya ce da ni, "A'a, ɗan mayar da shi baya." Na mayar. "Tsaya nan." Na tsayar. Ya daɗe yana kallon kusurwar sama ta hagu, inda zanko yake a da, yanzu tankin ruwa ne na roba. Sannan ya ajiye kofin, ya tashi ya yi mana godiya ɗaya bayan ɗaya, ya ce Allah ya yi wa Kabir albarka, don ya san alheri ya nufa. Ya nemi izini ya fita. Na bi shi da kunya ta ishe ni, na tarar da shi a matakala yana waya, ya sa ta a fili don kunnensa ya fara nauyi.

"Kabir, na gani. Sannunku da ƙoƙari."

"Ya yi ko, Yaya? Wallahi wata biyar muna ɓoye maka."

"Azarar fa, ina take?"

"Ai mai gidan burodi ya kwashe. Ya ce ta fi kowane itace ci."

"Tangaran ɗin da ke sama?"

"Wanne? Au. Yaya, katafila ce fa ta yi aikin, kafin azahar an gama. Ba wanda ya lura."

"Hannun kaka fa?"

Kabir ya ce, "Wane hannu?"

"Shi ke nan. Ka gaida gida."

Bai yi kuka ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya sa wayar a aljihu, ya riƙe ƙarfen matakala ya sauka a hankali kamar wanda ya tashi daga jinya.

Na ɗauka Asabar ɗin ba zai je ba. Da aka sallame asuba sai na ga jakar a kafaɗarsa, Hansatu kuwa ranar ba ta yi mita ba, ta dai miƙa masa filas. Na bi shi. A can Malaka, a wani lungu kusa da kogi, akwai bangon da ya yi wa shafe na biyu, yana buƙatar ruwa. Ya fito da kwalbarsa yana fesawa daga sama zuwa ƙasa, yana shafawa da bayan hannu. Na ce masa ai zanen yana nan, takarda arba'in da ɗaya, ana iya sake ginawa.

Ya ce, "A ina? Da wa? Masu cuɗa ƙasar sun mutu, 'ya'yansu suna tuƙa A Daidaita Sahu. Ko na gina ma, nawa ne, ba na Bello ba." Ya ci gaba da fesawa. Can ya ce, "Da ina da inda zan kai, ban iya ba. Yanzu na iya, babu inda zan kai."

Ba ni da albishir ɗin da zan ƙara a kan wannan. Raina a ɓace yake, kuma ba da Kabir nake fushi ba. Kabir ƙauna ce ta sa shi, irin ƙaunar da muka iya. Mu ne muke biyan kuɗin jirgi mu zo ƙasar wasu mu yi hoto a gaban tsohon bangonsu, mu koma gida mu kira katafila ta share namu, mu ce mun ci gaba. Mutum tamanin ne a ɗakin nan, rabinmu da digiri biyu ko uku, mace ɗaya ce ta gane abin da ake nunawa.

Malam Sirajo, mun gode. Mun gode a madadin gidaje sittin da ke tsaye suna gumi a bakin teku saboda kai, da tsohuwar da take barci ba ta tsoron bango ya faɗo mata. Allah ya saka maka da abin da ba ma iya ba ka, ya jiƙan Hajiya Daso da ta tsare ƙofa iya ranta, ya jiƙan Bello Magini. Ka yafe mana tafin nan. Ni dai har yanzu in na tuna sai in dubi hannuna.

Ku kuwa masu karatu, ba na ce kowa ya je ya lashi bango ba. Amma ku yi koyi da shi ko da a abu ɗaya: in akwai tsohon zaure ko soro da ya rage a gidanku, ku ɗaga waya yau ku ce kada a taɓa, kada a shafa masa siminti, akwai mai zuwa. A Disamba mutumin nan zai sauka a Kano da aikin shekara ashirin da biyu a hannunsa, babu bangon da zai ɗora shi a kai. Ya ce duk wanda ya kira shi zai je, ko a ƙauye ne, ko bango ɗaya ne ya rage.

Na rubuta wannan sanarwa a zauren wayarmu na Hausawan Kuala Lumpur mako uku da suka wuce, na sa lambarsa a ƙasa. Mu ɗari biyu da sha huɗu ne a ciki. Jiya na tambaye shi ko an kira. Ya ce mutum ɗaya ya kira, wani Alhaji, ya gaishe shi da girmamawa, sannan ya tambaye shi ko ya san inda ake samun tayil mai sauƙi a nan Malesiya.